Yadda Nomau Ya Tsaya wa Kwansaye

Nomau bai taɓa yin asara a kasuwa ba. Shi da kansa ya faɗa, kuma ya sha faɗa, har da shekarar da ruwa ya shiga magazan ɗinsa, wato shagonsa, ya jiƙe masa katan hamsin na ashana. A cewarsa wannan ba asara ba ce, ashanar ce ba ta da juriya. Daga nan ya koma sayar da robobi, bokiti da baho da buta, ya ce dama can shirinsa ke nan.

Magazan ɗin yana Bromakoté, cikin unguwar Adjamé, a bakin titi, ƙofa biyu da sito a baya. Shi ne abin da Nomau ya mallaka bayan shekara talatin a Abidjan, kuma shi ke ci da gidansa.

Kowace shekara 'yan kasuwa goma sha huɗu na layin, 'yan Nijar da 'yan Najeriya, suna haɗa kuɗi su sauko da raguna don Tabaski, wato Babbar Sallah. Tsarin bai taɓa canzawa ba. Rabin kuɗin a tura wa Mati, ɗan'uwansu da ke Tawa, ya bi kasuwannin ƙauye yana saye. Ɗaya rabin, na kamyo, babbar motar da za ta ɗauko su, da na hanya, ya kwanta a akwatin ƙarfen shugaban ƙungiyar, Alhaji Badaruddeen, Bakanon da ke shigo da tayoyi, har ranar da Mati zai bugo ya ce raguna sun cika.

Saura wata biyu Sallah, bayan La'asar, ana shan shayi a ƙofar Alhaji, sai ga Nomau da waya a hannu, ya riƙe ta kamar mai riƙe da ƙwai.

"Alhaji, kuɗinmu barci suke yi."

"A bar su," in ji Alhaji. "Ba su tashi kowa ba."

"Ni na samo mai tashin su."

Ya ce sunansa Kwansaye, mai ba da shawarar zuba jari ne, a cikin waya yake zaune. Ba ya barci, ba ya zuwa biki, ba shi da surukai. Kasuwannin duniya yake kallo dare da rana, in ya ga inda riba take ya kai kuɗinka can. Har ɓangaren halal gare shi, wanda babu kuɗin ruwa a ciki. A ba shi kuɗin kamyo wata biyu, su dawo da ƙannensu.

Jama'a suka gyara zama. Alhaji bai gyara ba.

"Ɗan gidan wa ne?"

"Alhaji, zamani ya..."

"Wa ya san ubansa? A wane masallaci yake salla? In ya gudu, ƙofar wa za mu buga?"

"Ni na san shi," in ji Nomau. "Biro ɗinsu, ofis ke nan, yana Treichville. Mun sha shayi tare."

Kailu mai albasa, wanda tun suna samari bai taɓa barin maganar Nomau ta sauka ƙasa lafiya ba, ya ajiye kofinsa.

"Dogo ne ko gajere?"

"Matsakaici."

"Fari ko baƙi?"

"Wankan tarwaɗa."

"Allah Sarki," in ji Kailu. "Ashe ba shi da alama ko ɗaya."

A layin akwai ƙa'ida da ta girmi kowa: baƙo ba ya taɓa kuɗin jama'a sai da wanda ya tsaya masa, kuma mai tsayawa da abin hannunsa yake tsayawa, ba da baki ba. Alhaji ya tuna musu da ita a hankali, yana zaton maganar ta mutu ke nan. Nomau ya zare ɗaya daga makullan magazan ɗinsa guda biyu ya jefa a kan faranti.

"Ka san abin da ka ajiye?" in ji Alhaji.

"Ƙarfe ne, Alhaji. Ranar raba riba in ɗauki abina."

Mutum goma sha ɗaya suka yarda. Alhaji ya sa makullin a aljihu, ya ce Allah ya sa alheri, da muryar mai yi wa gawa addu'a.

Washegari aka kira Haulatu mai kiyos ɗin tura kuɗi, haifaffiyar Williamsville, wadda Faransancinta ya fi Hausarta gudu. Ita za ta karanta abin da wayar ke cewa, domin Faransancin Nomau ya tsaya a farashi da zagin 'yan gbaka, masu ƙananan bas na haya. Ta ɗauki hoton katinsa, ta buɗe asusu da sunansa, sannan ta ce Kwansaye yana da tambayoyi kafin ya karɓi ko dala.

"Ka gani?" Nomau ya dubi Kailu. "Mai tarbiyya ne. Sai ya gaisa."

"Tonto," in ji Haulatu, wato kawu, "ya ce mutum nawa ne a wuyanka?"

"Alhamdulillahi."

"Lamba yake so."

"Ke, a gidanku ana ƙirga 'ya'ya? Ki ce masa alhamdulillahi."

Majalisa ta gyaɗa kai. Haulatu ta nemi inda za ta rubuta alhamdulillahi ba ta samu ba, ta bar gurbin yadda ta same shi, da sifiri a ciki.

"Ya ce kuɗin nan kashi nawa ne na dukiyarka?"

Nomau ya dubi mutum goma sha uku da ke dubansa.

"Kuɗin goro ne."

"Ƙasa da kashi goma ke nan. Ya ce yaushe za ka buƙace su?"

"Buƙata? Ni na yi masa kama da mabuƙaci?"

"Tonto, akwai wata shida, akwai shekara uku, akwai fiye da shekara goma."

"Wanne ya fi nisa?"

"Na ƙarshen."

"Sa shi. Kada ya ɗauka mun matsu."

"Ya ce in ka wayi gari kuɗinka sun ragu da kwata, me za ka yi? Ka janye, ka jira, ko ka ƙara?"

"In ƙara mana. Dariya ma zan yi."

"Babu dariya a ciki."

"To sa ƙarin."

Ya kamata a yi wa Nomau adalci a nan. Duk wanda ke wurin ya san kuɗin na kamyo ne, ya san wata biyu ne, kuma babu wanda ya ce uffan, har Alhaji. Kowa ya ɗauka gaisuwa ake yi. Mutum na kwance a asibiti a ce masa ina gajiya ya ce babu gajiya, mai tambayar kuma ya san akwai. Ba a taɓa jin baƙon da ya rubuta amsar ya tafi da ita ba.

Haulatu ce kaɗai ta yi gardama. Ta ce wayar ta fito da gargaɗi da jan rubutu: an sa shi a sahun masu ƙarfin hali, kuɗin za su iya hawa su sauka sosai, kuma wanda ya janye da wuri za a yanke masa wani abu, ya jira kwanakin aiki goma.

"Wannan farashin farko ne," in ji Nomau. "A Adjamé aka haife ki ko a ina? In lokaci ya yi a zauna a daidaita."

"Tonto, ba ya daidaitawa."

"Ɗan sandan kan gada ma yana daidaitawa. Danna."

Ta danna.

Makon farko kibiyar da ke nuna riba a wayar ta yi kore, ta ɗan ɗaga kai. Ribar, in an raba, za ta sayi buta ɗaya ga kowa, amma Nomau ya ɗinka sabuwar shadda. Ya sayi kujera mai juyawa ya kafa a ƙofar magazan. Wayar kuwa ya daina sa ta a aljihu, sai a kan darduma a gefensa, wai kada zufa ta dame shi.

Mutane suka fara zuwa neman shawara, Nomau bai ga dalilin kora su ba. Sai ya kara wayar a kunne, ya lumshe ido, ya ce "Uhum. Uhum. To, ranka ya daɗe." Wani mai shinkafa aka ce masa ya riƙe kayansa farashi zai hau, ya riƙe, ƙwari suka hau. Wata Bajula mai suyar alloko, wato agada, ta zo tambayar ko ta ƙara kasko na biyu, aka ce Kwansaye ya ce ta ƙara uku. Kailu ma ya zo ya tsuguna.

"Tambayar mini shi, albasa za ta yi tsada?"

"Ya ce ba ya magana da masu shakka."

"To tambaye shi sunan unguwarsu."

"Ya shiga mitin."

A mako na uku kibiya ta juya kai ƙasa, ta yi ja. Nomau ya ce ja launin goro ne mai kyau. A mako na huɗu ta ƙara sauka, ya ce rago in zai yi karo baya yake ja. A mako na biyar ya daina barin kowa ya leƙa wayar, ya ce Kwansaye ba ya son ido. Kujera mai juyawa ta koma cikin sito.

Matarsa Zalihatu, wadda kuɗin adashenta ke cikin kason gidansu, ta tare shi da safe yana jiƙa burodi a shayi ba ya ci.

"Malam, lafiya? Kwana uku ke nan kana yi wa waya sallama."

"Harkar manya ce."

"Tana amsawa?"

"Tana amsawa mana."

Tana amsawa kuwa. Nomau ya gano wani gurbi da ake aika saƙo, ya dinga aika murya. Ya fara da ina kwana, ina gajiya, ina iyali, ya aiki, ya haƙuri da mu. Sannan ya gangaro a hankali, ya ce ba don komai ba, Sallah ce ta matso, a duba lamarin. Kowane saƙo amsa ɗaya ke dawowa, Haulatu ta gaji da fassara ta: ban fahimci tambayarku ba, ku zaɓi ɗaya daga cikin waɗannan.

"Ja min rai yake," in ji Nomau. "Na san irinsu. Sai an juya baya za su kira."

Ya kashe wayar kwana biyu cur, kamar mai saye da ya bar rumfa yana tafiya a hankali don a ce masa dawo. Ba a ce ba. Da ya kunna, ya tarar Kwansaye ya aiko masa da saƙon taya murna: ya yaba da natsuwarsa, ya ce tunda shi mai ƙarawa ne in farashi ya faɗi, ga dama ta samu.

Saura kwana goma sha biyu Sallah Mati ya bugo. Alhaji ya sa wayar a amsa-kuwwa a tsakiyar majalisa. Raguna arba'in sun cika, in ji Mati, manya, masu ƙaho kamar an zana. Mai kamyo na tsaye, rabin kuɗinsa yake so kafin ya tada mota.

Duk aka juya ga Nomau.

"Kwansaye ya ce a ɗan..."

"Ba sai ka gaya mana ba," in ji Alhaji. "Gobe mu je mu ji daga bakinsa. Dama ba mu kyauta ba, mutum yana riƙe da dukiyarmu ba mu taɓa zuwa gaishe shi ba."

"Ba ya ganin mutane ranar Talata."

"Gobe Laraba."

"Ita ma."

"Kai da kuka sha shayi?" in ji Kailu. "Haba. Ko a banɗaki yake zai fito maka."

Aka cika woro-woro biyu, ƙananan tasi na haya. Alhaji ya sa babbar riga, ya riƙo ƙullin goro fari ɗari da turare kwalba ɗaya. Zalihatu ta ce dama tana da sayen kifi a kasuwar Treichville, ta shige gaba kusa da direba ba tare da ta nemi izinin kowa ba. A kan gada Nomau ya ce cikinsa na juyawa, a sauke shi. Kailu ya ce ai ruwa ne a ƙasa, ya daure.

Da suka sauka, mutumin da ya sha shayi a biro ɗin ya kai su titi uku da ba su ba. Ya ce sun canza fenti. A ƙarshe wani mai gadi ne ya karanta adireshin daga wayar, ya nuna musu bene a saman wani famasi, kantin magani.

Ɗaki ɗaya ne, da na'urar sanyaya wuri, da kujeru huɗu, da tukunyar fure na roba. Mace ɗaya ce a bayan tebur. Ta ɗaga kai ta ga hula tara da mayafi ɗaya, ta ajiye Faransancin da ta ɗauko.

"Sannunku da zuwa, Baba. Sunana Kamila. 'Yar unguwar Biafra ce ni, nan baya."

Alhaji ya ji daɗi. Ya tambayi gidansu, ya gano ya san kakanta. Aka gaisa sosai. Sannan ya ajiye goro da turare a kan tebur ya ce sun zo ganin maigidan.

"Darakta yana tafiya."

"A'a, shi Kwansayen."

Kamila ta dubi goron. Ta dubi Alhaji.

"Baba, ba mutum ba ne. Lissafi ne a cikin na'ura."

"To ina na'urar? Ko ita ce mu gani."

"Ba ta nan. Ni ma ban taɓa ganinta ba. An ce tana wata ƙasa mai sanyi."

"Matsakaiciya ce?" in ji Kailu. "Wankan tarwaɗa?"

Nomau ya ce wataƙila wanda suka sha shayi da shi ƙanensa ne. 

Alhaji ya yi bayani a taƙaice: kuɗin kamyo ne, na mutum goma sha huɗu, yau ake so. Kamila ta karɓi katin Nomau, ta buga, ta karanta, ta sake karantawa.

"Amma ba haka ya gaya mana ba. Nan an rubuta ba zai buƙace su ba sai bayan shekara goma."

"Gaisuwa ce," in ji Alhaji.

"An rubuta ba su kai kashi goma na dukiyarsa ba."

"Wace dukiyar?" in ji Zalihatu.

"An rubuta babu kowa a wuyansa."

Zalihatu ta sauke kwandon kifinta a ƙasa, a hankali.

"Sake faɗa, 'yar nan."

"Sifiri, Tanti."

"To. Ni da yara tara ashe haya muke a gidan. Malam, da ka faɗa tun wuri ai da mun nemi rasit."

"Ba a ƙirga 'ya'ya," in ji Nomau da ƙaramar murya.

"Ba a ƙirga su. Ba a ce a share su ba."

Kamila ta ce da an gaya wa na'urar gaskiya, da ta ajiye kuɗin inda ba sa motsi, ko ma ta ce a bar su a akwati. Alhaji ya ce a maimaita wannan ta ƙarshen, bai ji sosai ba. Ta maimaita. Ya ce Allah ya yi mata albarka.

Nomau ya ga saura hanya ɗaya, wadda ya fi ƙwarewa a kai. Ya ja kujera, ya tura goron gaba kaɗan, ya sassauta murya.

"Ɗiyata, mu bar wasa. Kwanakin aiki goma, mun ji. Nawa ne gaskiyarsa?"

"Goma."

"Don Allah fa. Uku."

"Goma ne, Baba."

"Biyar, mu tashi. Albarka."

"Ba ni ke sa shi ba."

"To kira mai sa shi."

"Babu mai sa shi. A rubuce yake, kun danna kun yarda."

Nomau ya miƙe, ya kama hanyar ƙofa a hankali, yana jan takalmi. Ya kai ƙofa ya tsaya. Ya murɗa hannun ƙofar ya sake tsayawa. Mutum tara da Kamila suna kallon bayansa.

"Ba za ta kira ka ba," in ji Kailu. "Dawo ka sa hannu."

Ya dawo ya sa hannu. Abin da zai fito ya gaza abin da ya shiga da kusan kashi ɗaya cikin biyar, kuma zai fito bayan an gama cin naman Sallah. Alhaji ya bar wa Kamila goron, ya ce ta kai wa kakanta. Turaren ya mayar aljihu.

An yi ƙoƙarin haɗa wani kuɗin, amma kwana goma kafin Tabaski duk ɗan kasuwa ya zuba abin hannunsa a kaya. Mai kamyo ya ɗauki ragunan wasu. Shekarar nan mutanen layin, waɗanda suka saba sayar wa rabin Adjamé ragon layya, suka je turke suka yi ciniki kamar kowa. Maƙwabta suna wucewa ta ƙofar Nomau suna ce masa yako, yana amsawa da cewa shi bai ga abin jaje ba.

Ragunan sun iso kwana goma sha tara bayan Sallah, lokacin da ko mahauci sai an roƙe shi yake duban rago. Kamyo ya tsaya a bakin titin Bromakoté da hantsi, ya tare hanya, 'yan gbaka suna ta oda. Mai kamyo ya ce a sauke masa kaya yanzu, Bouaké zai koma. Aka rasa inda za a kai raguna arba'in.

Alhaji ya sa hannu a aljihu.

Shi da kansa ya buɗe ƙofa ta biyu. Aka kwashe robobin aka jibge a bakin titi, aka bar bahuna shida a ciki don ruwa da dusa. Hukuncin ƙungiya bai da tsawo: magazan na raguna ne har a sayar da na ƙarshe a farashin da zai mayar da abin da ya ɓata, ciyarwa da shara kuma na mai lamuni ne. Robobin Zalihatu ta karɓa, ta kafa tebur a gefen titi, ta ce tunda ba ta wuyan kowa gara ta tsaya da ƙafarta.

Da yamma Kailu ya biyo. Ya tarar da Nomau ya naɗe hannun sabuwar shadda, yana tura kashin raguna da tsintsiya, wani babban rago na tauna masa gefen riga.

"Sannu da aiki, mai jari."

Nomau ya jingina tsintsiyar, ya ƙwace rigarsa, ya nuna cikin magazan da haɓa.

"Kai dai ba ka da hangen nesa, Kailu. Duk Abidjan, nuna mini mutum ɗaya da ya riga ni shirin Sallar baɗi."

Kailu ya leƙa ya dubi ragunan, ya dubi buhun dusa ɗaya da ya rage a lungu.

"Babu," ya ce. "Wata goma sha ɗaya ne kawai. Sun ci na rana?"